Mama Sukola da Mudu Mai Hatimi

Wata Asabar matata Irene ta miƙo mini kwanon awonta, ta ce in je rumfar Mama Sukola in auno mata acca. Ni kuwa mutum ne mai ɗan suna a layinmu na bayan Kudenda, a nan Kaduna. Ni ke riƙe da makullin sito a wani kamfani, ni ke jan waƙa a zumuntar maza ta coci. Hanyar kasuwa kuma dole ta bi ta gindin mangwaron da abokaina ke buga ludo. Na duba, na sake dubawa, ban ga yadda zan ratsa su rungume da kwano ba. Sai na cusa shi cikin riga, na kifa shi a kan cikina, na ja bel na ɗaure.

Na wuce majalisa lafiya. Har wani ya ɗaga murya ya ce, "Oga Nelson, an yi ƙarin albashi ne? Tumbi ya fito!" Na ɗaga masa hannu kamar ɗan takara. A kan kwalbatin bakin kasuwa ne na yi kiciɓis da matar fastonmu. Na rusuna zan gaishe ta, kwano ya sulluɓo ta ƙasan riga, ya daki siminti, ya gangara yana kiɗa har cikin kwata. Ta dubi kwano, ta dubi cikina da ya sace nan take, ta ce, "Barka da sauka lafiya, Baban Vicky. Mace ce ko namiji?"

Na tsamo shi na wanke a famfo. Gindinsa ya lotsa, don haka na sami dutse na buga shi daga ciki don kada Irene ta gane. Na ɗan zarce, wurin ya yi ƙullutu ta waje. Na ce a raina ba mai lura.

Mama Sukola ta karɓi kwanon, ta juya shi, ta shafa gindin da babban yatsa. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Wannan kwanon Irene ne."

"Shi ne, Mama."

"Wa ya ƙara masa ciki?"

"Faɗuwa ya yi."

"Faɗuwa ciki take turawa, ba waje ba. Kai da dattin guiwa a wando, ka zo ka ci accata da dutse?"

Na rantse, na ba ta labarin matar fasto. Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane. Sannan ta ƙara mini kuɗin ƙullutun.

Sunanta na baftisma Scholastica, amma bakin mutanen kasuwa ya gaji a hanya, ya tsaya a Sukola. Tana sayar da acca, gero, dawa, wake da ridi a ƙaramar kasuwar unguwarmu, a wata rumfa ta kwana, inda duk mai shiga sai ya gifta ta gabanta. Abin da ya bambanta ta da sauran masu awo shi ne ba ta da mudu. Ko ɗaya. Kai za ka zo da naka daga gida: kwano, roba, tsohon gwangwanin madara, abin da ka yarda da shi. Za ta ɗaga ta duba, ta faɗi kuɗin cikinsa. In ka yarda, kai da kanka za ka cika, ka yi tozo iya abin da ya tsaya. In ba ka yarda ba, za ta miƙo maka kayanka ta nuna maka rumfar gaba da haɓa. Wani lokaci idonta yana kuskure, ta yi asara. Na taɓa ganin wata mata ta zo da roba mai siririn baki da ƙaton ciki, ta kwashe wake ta tafi tana murmushi. Mama ta bi ta da kallo ta ce, "Ta ci yau. Na haddace robar."

Ban taɓa ganin mutum mai zargi irinta ba. In ka ce mata ina kwana, sai ta ce lafiya, me kake so? In ka yabi zanenta, sai ta waiwaya ta dubi buhunanta. Wata rana kamfanin wani sinadarin miya suka zo suna rabon kyauta, kowa na wawa, ita ta naɗe hannu. Na ce Mama, kyauta ce fa. Ta ce, "Sun hau mota tun daga Legas don suna ƙaunata?"

Wannan hali ba da shi aka haife ta ba, a cewar Irene, wadda ƙauyensu ɗaya a wajen Zonkwa. Ta zo Kaduna tana amarya, mijinta Matthew yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, zamanin da jiniyar tashi daga aiki ke cika titi da kekuna. Tana zaune a gida tana jin sanarwa a rediyo: yau an hana shigo da atamfa don kare ma'aikata, gobe an buɗe don sauƙaƙa wa talaka, jibi an sake rufewa. Kowace sanarwa da daɗin ji. Masaƙar dai ta rufe, Matthew ya dawo gida da kekensa da tarin da bai rabu da shi ba har ya rasu. Tun daga nan, in ta ji an ce "don kare ku", sai ta ɗaure bakin zanenta tamau.

Sana'arta ta farko kananzir ce. Takan je Rido, wajen matatar mai, ta samo jarka ɗaya, ta raba a kwalabe. A lokacin akwai farashin gwamnati, rubuce da manyan baƙaƙe a allon gidajen mai. Ta ce farashin yana nan kullum, kananzir ɗin ne babu. Wanda ya bi layi ya sami farashi, wanda ya san bayan gida ya sami mai. Wata rana wasu jami'ai suka ƙwace jarkarta don ta sayar sama da abin da ke allo. Ta ce bayan 'yan kwanaki ta ga jarkar, da jan zaren da ta ɗaura a hannunta, a gaban shagon wata mata, ana sayarwa tsada fiye da nata. Na ce, "Mama, jarka ai tana kama da jarka." Ta ce, "Zaren ma yana kama da zare, ko? Daga ɗankwalina na yage shi." Ban san gaskiyar wannan ba. Ita dai ta gama shari'arta tuntuni.

Da ta koma awon hatsi, da mudu ta fara kamar kowa. Ta saya sabo a wurin maƙeri. Ashe tun daga can a tauye yake. Wata mata ta auna a gida ta ga bai cika ba, ta tare ta a ƙofar cocinsu na Katolika bayan sujada, ta kira ta ɓarauniya a gaban zumuntar mata. Washegari Mama ta kai mudun gida ta mayar da shi kwanon ruwan kaji. Ta ce daga ranar ba za ta ƙara riƙe abin awo ba, kowa ya zo da wanda zai zarga. Matthew, da sauran ƙarfinsa, shi ya kafa mata ginshiƙan rumfar ya buga kwanon rufi. Shekaru sun fi ashirin tana wurin.

To bara, bayan damina, aka buga ƙararrawar mitin a kasuwa. Ciyaman Jethro, shugaban 'yan kasuwar, mai babban shagon shinkafa, ya zo da wani jami'i mai farar riga da kati rataye a wuya. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, amma duk inda aka jera benci ana samuna. Jami'in ya ce ƙorafi ya yi yawa kan tauye mudu. Daga ƙarshen wata, kowane mai awo zai yi rajista, ya sayi mudu mai hatimin hukuma, da shi kaɗai za a auna. Kwamiti zai riƙa rubuta farashi ɗaya a allo kowane mako. Wanda ya ƙi, za a karɓe rumfarsa a ba wani.

Gaskiya ni abin ya yi mini. Na tuna yadda ake yi wa surukata awo a wata rumfa, mudu ya cika a kasuwa, ya rame a hanya. Na tafa tare da masu tafi.

Mama Sukola ta miƙe a hankali, tana dafa guiwa.

"Ranka ya daɗe, wa ya ƙera mudun?"

"Wanda aka ba kwangila, Mama."

"Ba shi da suna?"

Ciyaman Jethro ya ce, "Mama, ba wannan ya tara mu ba."

"To. Hatimin a ina yake, a gefe ko a gindi?"

Jami'in ya ɗaga samfurin da ya zo da shi. "Ga shi a gefe, kowa na gani."

"Ai gindi ake bugawa, ɗana. Yanzu mai saye yana juya mudu ya duba, don bai yarda da kowa ba. In ya ga hatimi zai daina juyawa. Ɓarawo bai taɓa roƙon Allah abin da ya fi wannan ba."

Aka yi dariya. Ta ci gaba.

"Sai farashi ɗaya. Accata ina zama in rairaye ta har bayana ya ƙage, babu yashi ko ƙwaya. Akwai wadda in ka dafa, haƙorinka zai san an yi gini a unguwa. Ban kama suna ba. In kuɗinsu ɗaya ne, wa zai biya ni ciwon baya? Sai in bar yashin a ciki, hukuma ta zo ta tauna."

Jami'in ba sakarai ba ne, na ba shi wannan. Ya jira dariya ta lafa, ya ce, "Mama, ba kowa ke da idonki ba. Akwai tsohuwar da ba ta gani sosai. Akwai nas ɗin da ta taso daga aiki a gajiye, ba ta da ƙarfin ciniki. Su wa zai tsaya musu?"

"Wanda ya cuce su sau ɗaya ba zai sake ganinsu ba. Kafin Lahadi duk unguwa ta ji."

"Sau ɗayan fa?"

Mama ta dubi ƙasa, ta ce, "Sau ɗayan da ciwo. Ban musa ba." Ta zauna. Shi ne karo na farko da na ga an bar ta ba ta da ƙarshen magana.

Bayan mitin na tsaya a rumfarta don in ɗan tsokane ta. Na ce, "Yau farar riga ta kayar da zane."

"Na ga kana tafi," ta ce. "Nawa aka ba ka?"

"Haba Mama! Ra'ayina ne."

"Ka lura da waɗanda suka riga ka tafawa? Masu manyan shaguna. Tun yaushe mai shago yake murna an zo sa masa ido? Ka dubi matan can na bakin kwalbati masu tire, irin wadda ta zo da tiya biyu ta wake daga ƙauye don ta sayi magani. Da me za ta yi rajista? Su ne ke karya wa Jethro farashi kullum. Ƙarshen wata babu su. Ba a kore su ba fa, kare su aka yi."

Na ce ai doka ba don mutum ɗaya ake yin ta ba.

"Ni ban taɓa ganin doka tana tafiya da ƙafarta ba. Kullum wani ne ke riƙe da ita, kuma yana da ciki, yana da suruki."

Wannan maganar suruki ta shige ni. Bayan kwana kaɗan na ga motar a-kori-kura ta surukin Ciyaman a bayan shagonsa, an lulluɓe kaya da tamfol, gefe ɗaya ya yaye, sababbin kwanoni suna ƙyalli. Na ruga na gaya wa Irene. Ta ce 'yar mutumin za ta yi aure, ƙila kayan rabo ne. Ƙila. Amma daga ranar na kama kaina ina juya kofin shayi a kantin kamfani ina duba gindinsa. Zama da Mama Sukola yana da illa.

Irene ita tana son mudun hatimi, ta faɗa mini ƙarara. Ta ce ba kullum mutum ke son ya fita da kwano kamar mai zuwa karɓar abincin biki ba. Amma da ta ji za a karɓe rumfar Mama, sai ta tashi tsaye. Matan cocinmu da na cocin Katolika, waɗanda ba sa haɗuwa sai a jana'iza, suka fara magana da murya ɗaya. Wasu suka ce in aka taɓa rumfar, shinkafar Ciyaman za ta tsufa a buhu.

Ana saura mako guda, Jethro ya kira ni shagonsa. Ya sa aka buɗe mini maltina mai sanyi. Shekara da shekaru muna benci ɗaya a coci, ko ruwan leda bai taɓa saya mini ba. Na riƙe kwalbar ina jiran abin da ke ƙarƙashinta.

"Nelson, kai tsohuwar nan tana sake jiki da kai."

"Ni? Ranar nan ta caje ni kuɗin ƙullutu."

"Ka ji mana. Ba ma son a ce mun kori gwauruwa. Mun yi magana da ofis. Za a naɗa ta shugabar masu duba mudu ta kasuwar nan. Ita za ta zagaya, ta juya gindin kowane mudu yadda take so. Wanda ta kama, ta rufe rumfarsa. Rumfarta tana nan, ba rajista, ga ɗan alawus. Abu ɗaya kawai, ta rataya mudun hatimi, ta auna da shi kamar kowa. Wa ya fi ta sanin ɓarayi?"

Na juya maganar ta kowane gefe ban ga ramin ba. Na ce wannan karon Allah ya taɓa zuciyar Ciyaman. Matar da ta fi kowa tsoron cuta, a ba ta ikon hana cuta. Tsohuwa mai raunin ido ta huta, nas ta huta, rumfar Matthew ta tsira. Na shanye maltina na tafi da saurina.

Mama tana tsintar tsakuwa a wake lokacin da na zayyana mata. Ba ta ɗago ba.

"Maltina ya ba ka ko lemo?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ga kumfa a gashin bakinka. Matan tire fa?"

"Bai ambace su ba."

"Allon farashi fa?"

"Yana nan. Amma Mama, ke ce za ki zama hukuma!"

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi wa robar da ba ta sani ba. Ta ce in ba ta lokaci ta yi addu'a. Na tafi gida ina gaya wa Irene cewa na sasanta rikicin da ya gagari coci biyu, ya kamata a ƙara mini nama.

Ranar ƙarshen wata na biya kasuwa da hantsi don in ga an rataya mata kati a wuya. Na tarar da baro biyu a gaban rumfar, masu turawa suna ɗora buhuna. An riga an sauke bencinta da faifanta. Allon farashi sabo fil yana tsaye a bakin kasuwa, bakin kwalbati kuwa fayau, babu tire ko ɗaya. Mama tana tsaye ta dafa ɗaya daga cikin ginshiƙan da mijinta ya kafa, tana ba masu baro umarni kada su jiƙa mata acca a kwata. Ta ce za ta koma ƙofar gidanta. Na san gidan. Yana can ƙarshen wani lungu da ko mai keke ba ya shiga sai an yi masa ƙari. Wanda ya saba da ita zai bi ta, na yarda. Amma mai wucewa, wanda shi ne rabin cinikin rumfar kwana, ba zai taɓa sanin tana duniya ba.

Raina ya ɓaci, har na manta da wasa.

"Mama, wannan taurin kai ne. Kin ce ba ki yarda da jami'i ba, mun ji. Kin ce ba ki yarda da Ciyaman ba, ni ma na fara. To yanzu ke aka ba. Ke! Duk Kudenda an san ba ki taɓa cin ƙwayar wani ba. Da wa kuma ba ki yarda ba?"

Ta saki ginshiƙin, ta kakkaɓe tafin hannunta.

"Baban Vicky, kai da ka yi boko, har yanzu ba ka gane ba? Ina yi maka gaskiya ne don na san in na cuce ka, gobe Irene za ta wuce ni ta tsaya a rumfar gaba, ni kuma in kwana da yunwa. Ka ba ni ikon rufe rumfar gaban, ka dawo bayan shekara ka ga irin matar da zan zama. Matsa, kana tare wa baro hanya."